Yadda kwamfuta ke lissafa ƙarfin tsokokin kafaɗa, da inda ya dace a yarda da ita

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a sashen gashin ƙashi. A wata muƙala da aka ba mu mu karanta, na ga hoton ƙwarangwal a kwamfuta da jajayen zaruruwa a kafaɗarsa, an kuma rubuta cewa tsoka kaza tana ja da ƙarfi kaza idan aka ɗaga hannu. Ta yaya kwamfuta ta san ƙarfin tsokar da ba wanda ya auna, kuma shin za a iya dogara da waɗannan alƙaluma a kan majinyaci?

Amsa: Malama, kwamfutar ba ta auna ƙarfin tsokar ba, lissafa shi ta yi, kuma amsar tambayarki gaba ɗaya tana cikin tazarar da ke tsakanin awo da lissafi. Har yau babu wata hanya mai sauƙi ta auna ƙarfin da tsoka guda ke ja da shi a kafaɗar mutum mai rai ba tare da an tsaga fata an ɗaura na'ura a jijiyarta ba. Awon lantarkin tsoka, wanda wataƙila kun gani a ɗakin gwaji, yana nuna lokacin da tsoka ta farka da kuma yadda ƙwaƙwalwa ke zaburar da ita, amma ba ya faɗin kilo nawa take ja, domin saƙo iri ɗaya yana haifar da ƙarfi daban-daban gwargwadon tsawon tsokar a wannan lokaci da saurin da take takurewa. Shi ya sa masu nazarin motsin jiki suka koma ga gina kwaikwayon kafaɗa da lissafi a cikin kwamfuta, wanda zan riƙa kira samfuri, su ba shi abin da ake iya aunawa daga waje, shi kuma ya ƙiyasta musu abin da ke faruwa a ciki.

Tushen lissafin za ki iya yin sa da fensiri a bayan littafi. Mutum mai kilo 70, hannunsa daga kafaɗa zuwa yatsu yana kai wajen kilo 3.5. Idan ya miƙe shi gefe har ya yi daidai da kafaɗa, tsakiyar wannan nauyi tana wajen santimita 30 daga gaɓa. Ita kuwa deltoyid, tsokar da ta lulluɓe kan kafaɗa, layin janta yana wucewa ne wajen santimita 3 kacal daga tsakiyar gaɓar. Duk wanda ya taɓa tura ƙyaure daga kusa da inda aka rataye shi ya san abin da wannan ke nufi: tazarar nauyi ta ninka tazarar tsoka sau goma, saboda haka dole tsokar ta ja da ninkin nauyin hannun sau goma, wato abin da ya kai kilo 35, don kawai a riƙe hannu a miƙe ba komai a cikinsa. A ɗora masa gorar ruwa mai kilo 2 a tafin hannu, santimita 60 daga gaɓa, sai a ƙara wa tsokar wasu kilo 40. Mafi yawan wannan jan kuma yana ƙarewa ne a matsayin matsi tsakanin ƙasusuwan gaɓar. Masanin Italiya Giovanni Borelli ya riga ya gane wannan a littafinsa kan motsin dabbobi da ya fara fitowa a 1680, cewa tsokoki suna ja da ƙarfin da ya ninka nauyin da ake ɗagawa sau da yawa. A 1944 Verne Inman da abokan aikinsa a Kalifoniya suka yi wa kafaɗa irin wannan lissafi da hotunan eksire da awon lantarki, a 1978 kuma Poppen da Walker suka ƙiyasta cewa matsin gaɓar yana kai kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin jiki idan hannu ya kai digiri 90. Samfurin kwamfuta wannan lissafin ne, sai dai yana yin sa ga tsokoki da yawa a lokaci guda, ta kowace fuska, sau ɗari ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya ta motsi.

Abin da ya sa kafaɗa ta fi gwiwa da ƙugu wahalar kwaikwaya shi ne ba gaɓa ɗaya ba ce. Ƙashin wuya, wato wanda ke kwance daga gindin wuya zuwa kafaɗa, yana haɗe da ƙashin ƙirji ta ciki, kuma wannan ƙaramar mahaɗa ita kaɗai ce inda ƙashin hannu gaba ɗaya ya haɗu da gangar jiki ƙashi da ƙashi. Ta waje yana haɗe da tsinin allon kafaɗa. Allon kafaɗar yana ɗauke da gurbin da kan ƙashin damtse ke zama. Sannan allon da kansa yana zamewa a kan haƙarƙari, ba tare da wata gaɓa ta gaskiya ba, tsokoki ne kawai suka rataye shi, musamman tirafiziyus da seratus ta gaba. Ƙirji da ƙashin wuya da allo sun zama kamar zobe rufaffe, idan ɗaya ya motsa dole sauran su bi. Inman ya nuna cewa a cikin digiri 180 na ɗaga hannu sama, wajen 120 daga gaɓar damtse suke fitowa, wajen 60 kuma daga juyawar allo, abin da ake koya muku a matsayin biyu bisa ɗaya. Matsakaici ne kawai wannan, domin rabon yana canzawa daga farkon motsi zuwa ƙarshensa, kuma daga mutum zuwa mutum.

Ita gaɓar damtsen kuma sai ki ɗauke ta kamar tulu a kan gammo. Gurbin allo ba shi da zurfi, kuma bai rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin damtse ba, ko da an haɗa da zoben guringuntsin da ya kewaye bakinsa. Tulu yana zama a kan gammo ne muddin nauyinsa na sauka a tsakiyar gammon, da ya karkata ya wuce baki sai ya sulluɓe. A kafaɗa ba nauyi ke danna kan ƙashin cikin gurbi ba, tsokoki huɗu ne da suka yi masa ɗamara: sufrasfinatus ta sama, infrasfinatus da teres ƙarama ta baya, sabskafularis ta gaba. A farkon ɗaga hannu deltoyid tana jan ƙashin damtse sama ne kusan a miƙe, kuma da babu wannan ɗamara da ke danna shi ciki tana janyo shi ƙasa, da sai ya hau ya bugi rufin da ke samansa. Ki riƙe wannan hoto, domin za mu dawo kansa.

Gina samfuri yana farawa ne daga gawa. A Holan, a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, Frans van der Helm na Jami'ar Fasaha ta Delft da DirkJan Veeger na Amsterdam suka auna kafaɗun gawawwaki bakwai, suna bin kowace tsoka suna rubuta inda ta taso da inda ta kama da hanyar da zaruruwanta suka bi, daga nan aka fitar da samfurin Delft a 1994. Daga baya, a 1999, Klein Breteler da abokan aiki suka sake cikakken awo a kan gawar namiji guda mai shekara 57, har da tsawon ƙananan rassan da ke cikin zaren tsoka, waɗanda suka auna da hasken leza. Samfurin kafaɗa da gwiwar hannu da aka gina a kan wannan awo yana da tsokoki 31 da aka raba zuwa zaruruwa 139. Jajayen zaruruwan da kika gani su ne irin waɗannan. Ana raba tsoka ne saboda mai faɗi irin tirafiziyus ko deltoyid ba ta ja ta fuska ɗaya, ɓangaren gaba na deltoyid da na baya ma kusan kishiyoyin juna ne. Kuma tun da tsoka ba ta ratsa ƙashi, sai a sanya mata siffofi na lissafi, ƙwallo a madadin kan ƙashin damtse, siffar ƙwai a madadin ƙirji, domin zaren ya naɗe a kansu yadda tsokar gaske ke yi. Wannan naɗi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin shi ke yanke tazarar ja, kuma kin ga a lissafinmu cewa idan santimita 3 ta koma 2.5, ƙarfin da za a ce tsokar ta ja da shi ya tashi daga kilo 35 zuwa 42.

Ba Delft kaɗai ba ce. An gina wani a Gotenbag ta Siwidin a farkon shekarun 1990, wani a Niyukasil ta Ingila a 2006, akwai na manhajar AnyBody da ta fito daga Jami'ar Aalborg a Denmak, Garner da Pandy kuma sun gina nasu a kan hotunan gawar namiji da Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka ya sa aka yanyanka milimita ɗaya-ɗaya ya fitar a 1994. Wanda ɗalibai suka fi haɗuwa da shi shi ne na Holzbaur da Murray da Delp na 2005 daga Jami'ar Stanford, mai sassan tsoka 50, saboda ana samun sa a manhajar OpenSim da aka saki kyauta a 2007.

Kowane zare ana ba shi hali irin na tsoka bisa tsarin da ya samo asali daga gwaje-gwajen A. V. Hill na 1938, wanda Felix Zajac ya daidaita don lissafi a 1989. Alƙaluma huɗu ake buƙata: iyakar ƙarfin tsokar, tsawon da zarenta ya fi ƙarfi a kai, tsawon jijiyarta kafin ta fara miƙewa, da kusurwar da zaren ya yi da jijiyar. Iyakar ƙarfin ana samun ta ne daga kaurin tsokar a ninka da wani adadi na ƙarfin kowane murabba'in santimita, kuma a nan samfurori sun sha bamban ƙwarai, wasu suna amfani da abin da bai wuce niyuton 40 ba (niyuton ma'aunin ƙarfi ne), wasu 100 ko fiye. Ɗaya daga cikin dalilan ɗaga adadin shi ne tsokokin gawar tsoho sun riga sun rame, idan aka bar su yadda aka auna sai samfurin ya kasa ɗaga abin da saurayi ke ɗagawa da sauƙi. Tsawon jijiya kuwa shi ne mafi hatsari, domin kuskuren 'yan milimitoci a cikinsa yana iya matsar da tsoka daga inda take da ƙarfi zuwa inda ba ta da shi.

Sai a kawo mutum mai rai a ɗauki motsinsa. Ana manna masa 'yan ƙwallaye masu ƙyalli a kan tsinin ƙasusuwa, kyamarori su kewaye shi suna bin su. A 2005 ƙungiyar masana wannan fanni ta duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren da za a manna su da yadda za a lissafa kusurwoyi, domin a iya kwatanta aikin wani ɗakin gwaji da na wani. A ƙirji da damtse abin yana tafiya da dama-dama. A allon kafaɗa ne matsalar take, kuma ina so ki gwada wannan da hannunki a kan wata abokiyar karatu. Ki tsaya a bayanta, ki lalubo ƙasan allon kafaɗarta da babban yatsa, ki ɗiga alama da biro a fatar wurin, sannan ki ce ta ɗaga hannu a hankali har sama. Za ki ji tsinin ƙashin ya sulale daga ƙarƙashin yatsanki ya nufi hamata, alamar biron kuma tana nan kusan inda kika bar ta. Na sha nuna wa ɗalibai wannan, kuma ban taɓa ganin wanda bai yi shiru na ɗan lokaci ba da ya ga nisan da ke tsakanin alamar da ƙashin. Kyamara fata take bi, ƙashin kuwa ya yi tafiyarsa a ƙarƙashi.

An bi hanyoyi da dama don rage wannan kuskure. Wasu suna manna tarin ƙwallaye a kan faffaɗan tsinin allo da ke saman kafaɗa, wanda ke aiki da kyau har wajen digiri 120, daga nan deltoyid ta kumbura ta ture shi. Wasu suna tsayar da mutum a mataki-mataki suna lalubar allon da wani ma'auni mai ƙafa uku, amma wannan ba ya kama motsi mai sauri. Karduna a 2001 da Paula Ludewig ta Jami'ar Minnesota a 2009 sun kafa siraran ƙusoshi a cikin ƙashin masu sa kai domin su sami awo na gaskiya, a asibitin Henry Ford na Detroit kuma an yi amfani da eksire mai motsi daga fuska biyu wanda kuskurensa bai kai milimita ɗaya ba. Waɗannan biyun ba abin da za a yi wa kowa ba ne. Saboda haka samfurori da yawa, har da na 2005 da na ambata, ba sa auna allon ko kaɗan, suna ƙiyasta inda yake ne daga kusurwar damtse bisa lissafin da de Groot da Brand suka fitar a 2001 daga lafiyayyun mutane. Ga mai gashin ƙashi wannan babban gibi ne, domin majinyatan da ke zuwa wurinku sau da yawa su ne waɗanda allonsu ba ya bin hanyar lafiyayyu. Samfurin da Ajay Seth da abokan aikinsa suka fitar a OpenSim a 2016, suka kuma ƙara masa tsokoki a 2019, ya bar allon yana zamewa da kansa a kan ƙirji, har da ɗagowar gefensa kamar fiffike, kuma a ganina shi ya fi dacewa da irin tambayoyinku.

Da zarar an san motsi da nauyin kowane sashe da abin da ke hannu, dokokin Newton suna ba da jimillar ƙarfin juyin da kowace gaɓa ke buƙata. Wannan ɓangare ba shi da gardama sosai. Gardamar tana farawa ne wurin raba wannan jimilla ga tsokoki, kuma nan ne zuciyar tambayarki. Ki ɗauka maza shida sun ɗaga buhun masara mai kilo 100 sun ɗora a mota. Kin san jimillar abin da suka ɗaga, amma daga kallon buhun ba za ki iya cewa wane ya ɗauki kilo 30 wane ya ɗauki 5 ba, kuma rabo iri-iri marasa iyaka za su ba da kilo 100 ɗin nan. Haka kafaɗa take: zaruruwa fiye da ɗari, hanyoyin motsi 'yan kaɗan. Masanin Rasha Nikolai Bernstein ya daɗe da nuna cewa jiki yana da hanyoyin yin motsi guda fiye da yadda yake buƙata. Tun da lissafi ba zai fitar da amsa ɗaya ba, sai mai samfurin ya ƙara wata ƙa'idar rabo daga kansa, ya ce bari mu ɗauka cewa ƙwaƙwalwa tana raba aiki ta yadda gajiya za ta yi ƙaranci. Crowninshield da Brand sun ba da shawarar a 1981 a rage jimillar damuwar tsokoki, wato ƙarfin kowace a raba da kaurinta a ninka shi a kansa sau uku, abin da ke sa manya su ɗauki kaso mai yawa ba tare da an bar ƙanana zaune ba. Praagman da abokan aiki a Holan sun kawo wata a 2006 da ke rage kuzarin da tsoka ke ƙonawa. Kowace ƙa'ida tana ba da rabo daban. Adadin da kika gani a muƙalar nan, to, ba ƙarfin tsokar wani mutum ba ne, ƙarfin da tsokar za ta ja da shi ne idan ƙwaƙwalwarsa tana bin ƙa'idar da marubutan suka zaɓa.

A nan tulu da gammo suke dawowa. Idan aka bar kwamfuta ta nemi rabo mafi arha kawai, za ta ɗora aikin a kan manyan tsokoki masu doguwar tazarar ja, ta bar tsokokin ɗamara suna hutawa, domin aikinsu na danna kan ƙashi ba ya ɗaga hannu sosai amma yana cin kuzari. Sakamakon sai ya zama kafaɗar da a zahiri da ta goce. Samfurin Delft ya magance wannan da sharaɗin cewa jimillar matsin gaɓa dole ta sauka a cikin bakin gurbi, kuma da aka sa sharaɗin sai tsokokin ɗamara suka farka a lissafi kamar yadda ake gani a awon lantarki. Amma sharaɗin yana neman mafi ƙarancin abin da zai hana tulun faɗuwa ne kawai. Mutum na gaske ba ya tsayawa a bakin gaɓa haka, yana ƙanƙame tsokoki masu adawa da juna fiye da buƙata, musamman idan yana jin zafi, ko yana tsoron kafaɗar za ta sake gocewa, ko aikin sabo ne a gare shi. Wannan ƙanƙamewa ba ta bayyana a motsi, kyamara ba ta ganin ta, ƙa'idar rage gajiya kuma tana ƙyamar ta. Duk samfurin da ba a ciyar da shi da awon lantarkin mutumin ba, zai ƙiyasta ta ƙasa da yadda take.

An tabbatar da haka da awo na gaskiya, kuma wannan aiki yana cikin waɗanda na fi girmamawa a fannin. A asibitin Charité na Barlin, Georg Bergmann da abokan aikinsa sun ƙera kan ƙashin damtse na ƙarfe wanda aka saka wa na'urorin awo shida da ɗan ƙaramin mai aika saƙo a cikinsa. An dasa shi ga majinyatan da dama suna buƙatar sauyin gaɓa saboda zaizayewa, ana ba shi wuta daga wata waya da aka naɗa a damtse ta waje, shi kuma yana aiko da matsin da ke kansa ta iska. Rahoton majinyaci na farko ya fito a 2007, bayanan kuma suna nan a rumbun OrthoLoad ga mai son dubawa. An ga cewa ɗaga butar kofi mai wajen kilo ɗaya da rabi da miƙaƙƙen hannu yana matsa gaɓar da abin da ya kai nauyin jiki gaba ɗaya ko ya ɗan wuce. An kuma ga cewa gogayya a cikin gaɓar ba abin rainawa ba ce, alhali samfurori suna ɗaukar gaɓar a matsayin mai santsi ƙal. Da Nikooyan da abokan aikinsa suka gwada samfurin Delft da wannan awo a 2010, sai suka ga yana bin sahun gaskiya da kyau har wajen digiri 90, amma daga nan samfurin yana cewa matsi ya fara sauka, na'urar da ke cikin kafaɗa kuwa tana nuna yana ci gaba da hawa. Masu samfurin da kansu suka buga wannan, kuma da suka ciyar da shi da awon lantarkin majinyatan sai tazarar ta ragu. Dole kuma a tuna cewa waɗanda aka auna ɗin dattawa ne masu gaɓar ƙarfe, kuma abin da aka auna matsin gaɓa ne gaba ɗaya, ba ƙarfin tsoka ɗaya-ɗaya ba. Samfuri yana iya dacewa da jimilla alhali rabonsa ba daidai ba ne.

To ina amfaninsa? Amfaninsa yana wurin tambayar da ba za a iya gwadawa a jikin mutum ba, wato idan aka canza abu kaza aka bar sauran yadda suke, me zai faru. A 1985 likitan Faransa Paul Grammont ya fito da gaɓar wucin gadi mai juyayyen tsari a Dijon, ƙwallo a jikin allo, gurbi a jikin damtse, domin majinyatan da ɗamararsu ta yage ba ta gyaruwa. Tsarin yana matsar da tsakiyar juyi ciki da ƙasa, tazarar jan deltoyid ta ƙaru, ta iya ɗaga hannu ba tare da sufrasfinatus ba. Samfurori ne suka ba da damar a gwada, milimita bayan milimita, abin da matsar da ƙwallon ke ƙara wa deltoyid da abin da yake rage wa tsokokin da ke juya hannu waje. Haka Magermans da abokan aiki a Delft suka gwada a 2004 ciro jijiyar babbar tsokar baya ko ta teres babba a dasa ta a wurare daban-daban a kan ƙashin damtse, abin da ba likitan da zai yi wa majinyaci guda sau biyar don ya ga wanne ya fi. A wajen masu keken guragu kuma, lissafin Veeger da van Drongelen ya nuna cewa ɗaga jiki daga kujera da hannuwa yana matsa kafaɗa fiye da tura keken a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wanda ke da amfani kai tsaye ga shawarar da za ki ba majinyaci. A duk waɗannan misalai, kurakuran da na lissafa suna nan a ɓangarori biyun da ake kwatantawa, saboda haka da yawa daga cikinsu suna kashe juna, bambancin kuma ya tsira.

Ra'ayina a kan rabin tambayarki na biyu ke nan. Idan samfuri ya ce hanya kaza ta ɗaga kaya tana matsa gaɓa fiye da hanya kaza, ko cewa yagewar sufrasfinatus tana ƙara wa deltoyid da sauran ɗamara aiki, ina yarda da shi, musamman idan an nuna cewa sakamakon bai juye ba da aka sauya ƙa'idar rabo. Idan kuwa ya ce sufrasfinatus ta majinyaciyar da ke gabanki tana ja da niyuton kaza, ba zan gina magani a kan wannan adadi ba. Ƙasusuwan samfurin na wani ne, an miƙe su ko an takure su don su yi daidai da tsayinta, tsokokinsa kuma na gawar wani dattijo ne a Turai ko Amurka. Matar da ta taso tana daka da taɓarya tana jan guga tun tana yarinya ba lallai kaurin tsokokinta da rabonsu su yi kama da na wannan gawa ba, kuma ayyukan nan biyu, da ɗora kaya a ka, duk suna kai hannu sama da digiri 90 da nauyi, daidai inda awon Barlin ya nuna samfurin yana ƙiyasta matsi ƙasa da yadda yake. Ana iya gina samfuri daga hoton maganaɗisu, wato MRI, na mutum guda, ana kuma yi a bincike, amma hoton yana ba da siffar ƙashi da girman tsoka ne, ba ya ba da tsawon jijiya kafin miƙewa, ba ya kuma faɗin yadda ƙwaƙwalwarta ke raba aiki.

Idan kika koma ga muƙalar, ki tsallake hoton ki je sashen da suka bayyana yadda suka yi aikin. Ki duba ko sun auna allon kafaɗa ko ƙiyasta shi suka yi daga damtse, ki duba ƙa'idar rabon da suka zaɓa da kuma ko sun sa sharaɗin kada matsi ya fita bakin gurbi, sannan ki duba ko sun kwatanta sakamakonsu da awon lantarki, har da na siririyar waya da ake sokawa cikin tsokokin ɗamara tun da na kan fata ba ya isa gare su duka. Idan kuma kina da kwamfuta, ki sauke OpenSim da samfurin kafaɗar Seth, ki gudanar da ɗaga hannun da ya zo da shi, ki rubuta ƙarfin deltoyid ta tsakiya. Daga nan ki rage iyakar ƙarfin sufrasfinatus zuwa sifili ki sake gudanarwa, ki ga su wa suka karɓi aikinta da inda matsin gaɓa ya karkata. Sai ki mayar da ita yadda take, ki ƙara milimita 5 a tsawon jijiyar deltoyid kawai, ki sake duba adadin da kika rubuta da farko.